Wuƙar Korau da Yatsan Tasalla

A garin Rafin Ƙirya an yi wani maƙeri mai suna Korau, wanda wata ranar kasuwa baƙo ya kawo masa ƙarfen da ba na duniyar nan ba. Amma bari in fara gaya muku halin gidan, don daga nan rigimar ta taso.

Korau gwanin launi ne. Kowane maƙeri yana ƙera wuƙa, shi kuwa in ya ƙera sai ya goge ta da yashi da toka har ka ga haƙoranka a ciki, sannan ya ɗora ta bisa garwashin gawayin ƙirya, ya tsuguna ya zuba mata ido. Ƙarfen sai ya fara ɗaukar ruwan zuma, ya koma ruwan goro, ya koma shunayya, sannan shuɗi ya malalo. A nan ake ɗaukewa a tsoma a ruwa. In ka yi sakaci kaɗan shuɗin ya wuce, ƙarfe ya koma ruwan toka, aiki ya tashi a banza. Kuma bayan an goge, hannu ba ya taɓawa, domin duk inda maiƙo ya sauka launi ba ya kamawa daidai.

To, wa Allah ya haɗa Korau da ita? Tasalla mai ƙuli-ƙuli. Tun tana budurwa hannunta bai rabu da man gyaɗa ba, ga shi kuma ba ta iya ganin abu mai ƙyalli ta wuce. Sai ta kawo masa fura maƙera, ta hango wuƙa a jingine, ta ɗora mata babban yatsa.

"Maigida, wannan kam ta yi kyau," in ji ta.

"Tasalla, kin kashe ni. Tun safe nake gugarta."

"Yo ɗan yatsa ne fa, ba zama na yi a kanta ba."

Haka suke shekara da shekaru, har furfura ta fara leƙo musu. Shi ya yi faɗa, ita ta yi dariya, gobe a sake. Mutanen unguwa ma in ba su ji muryar Korau da hantsi ba, sai su ce ko Tasalla ba ta da lafiya.

Baƙon nan dogo ne siriri, ya zauna dab da wuta amma ko ɗigon gumi bai yi ba. Ya kwance wani tsumma ya fito da curin ƙarfe mai sanyi kamar ruwan randa, ya ce, "Ya kai maƙeri, na ba ka wannan ka ƙera wuƙar da ba a taɓa ganin irinta ba. Ba na son komai daga gare ka sai abu guda. In ka goge ta har ta ɗauki fuskarka, abin da ya fara taɓa ta nawa ne."

Korau ya yi dariya a ransa. Me zai taɓa ta in ba awartaki ba? Yana ma da wani tsoho mai karyayyen baki a bayan ɗaki, shi zai ba wawan. Ya ce ya yarda. Bai gaya wa Tasalla ba, don ya san sai ta yi masa wa'azi a kan hulɗa da mutumin da ba ya gumi.

Ya ƙera wuƙa, ya goge, ta fito tana ɗaukar ido. Ya jingine ta a jikin uwar maƙera, ya zagaya bayan ɗaki ɗauko tsohon awartakin. Ko da ya dawo, sai ya tarar da ƙwaryar fura a ƙasa tana rawa, takalman Tasalla a jere, ita babu. A tsakiyar ruwan wuƙar kuwa ga shatin babban yatsa ɗaya, yana naso.

Korau ya zauna daɓas. Ya kira sunanta, babu amsa. Sai wuƙar ta yi magana da muryar baƙon: "Ya kai maƙeri, kai muka nufa, matarka muka samu. Tana Birnin Ƙyalli a hannun Sarki Gurzau, sarkin aljannun tama. Shatin yatsan nan zai riƙa dusashewa. Ranar da ya ɓace, ta zama ƙarfe har abada."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Sai a lokacin ya san cewa duk faɗan nan da yake yi, ba shi da kowa a duniya kamar matar nan. Ya zari burgaminsa, jakarsa ta fata, ya cusa zugazugi da awartaki mai kyau. Ya faɗa madafarta neman guzuri, da yake bai san inda ake ajiye komai ba sai ya juye duk abin da ke cikin kwandonta: curin tsamiya, ƙullin gishiri, dafaffen ƙwan zabo, ƙuli-ƙuli, da ɗan goran mai. Ya rataya salkar ruwa. Tsinin wuƙar ya juya da kansa ya nuna tsohon ramin tama da ke bayan gari, wanda kakanninsa suka daina haƙa. Korau ya yi bisimilla ya zura ƙafa.

Ya yi ta gangarawa har hasken bakin rami ya ɓace, wani haske ja ya tarbe shi daga ƙasa. Sai ga shi a wani kurmi wanda itatuwansa duk na jan ƙarfe ne, rassa da ganye, in iska ta kaɗa sai su yi ta ƙara kamar ana wanke kwanuka. Zafi ya yi ta ƙaruwa har takalmansa suka fara ƙauri. A tsakiyar kurmin hanya ta toshe da wata ƙatuwar itaciya, a gindinta wata tsohuwar aljana tana zaune, gashinta na waya, ya nannaɗe saiwoyin.

"Ya kai ɗan Adam, tsaya inda kake," in ji ta. "Ni ce Uwar Kurmi. Babu mai wucewa sai ya ba ni abin da ba ni da shi. An ce a ƙasarku ganye kore ne. Ni tun da aka halicce ni ja nake gani. Ka sa ganye ɗaya ya yi kore, ko kuwa in dasa ka a nan ka yi rassa."

"Ranki ya daɗe, za a yi," in ji Korau, "amma aikin yana son jira."

Ya tsinko ganye, ya goge shi da yashi. Ya kwance salka, ya ga ruwan da ya rage bai fi cikin tafi biyu ba, ga maƙogwaronsa kamar an zuba masa toka. Ya haɗiye yawu ya juye ruwan a ƙoƙo, ya jiƙa tsamiyar Tasalla, ya barbaɗa gishiri, ya shafe ganyen, ya kifa ƙoƙon a kai don kada ya bushe da wuri. Sannan ya zauna. Wallahi wannan zama shi ne mafi wuya a tafiyar, don Korau mutum ne mai gaggawa in ba a gaban wuta yake ba. Ya duba wuƙa, ya ga gefen shatin ya fara cinyewa. Ya kai hannu zai ɗaga ƙoƙo, ya janye. Ya ci ƙuli-ƙuli ba ruwa, ya yi barci, ya farka, ya sake shafawa, ya sake kifewa.

Da ya ɗaga a ƙarshe, ganye ya yi kore shar. Uwar Kurmi ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, hawayen narkakken ƙarfe suna ɗiga a cinyarta.

"Ashe haka ne," in ji ta. "Ya kai ɗan Adam, ka cika alkawari. Tsinki wani ganyen ka sa a ƙarƙashin harshenka, zafin ƙasar nan ba zai cinye ka ba." Ta janye gashinta, itaciya ta tsage biyu, ya wuce.

Bayan kurmi sai ya iske kogin narkakkiyar darma yana tafiya a hankali, babu gada, babu jirgi. A bakin gaɓa wani tsuntsu na azurfa yana tsaye, girmansa ya kai rumbu, fari fat tun daga baki har ƙafa, har ƙwayar idonsa. Yana ta juya kai yana saurare, don makaho ne.

"Ina jin numfashin mai jini," in ji tsuntsun. "Ya kai baƙo, ni ne Fari, mai ƙetarar da manzannin sarki a dā. An yi ta goge ni don in yi ƙyalli har aka goge mini baƙin ido. Ka mayar mini da shi in ƙetarar da kai. In ka kasa, kogin nan yana jin yunwa."

Korau ya san farar wuta ce ke baƙanta azurfa, amma ina zai same ta a nan? Ya zura hannu a burgami yana lalube, sai wani wari ya bugo shi har ya yi baya. Ƙwan zabon Tasalla ne, zafin kurmi ya gama da shi. Korau ya yi murmushi, don ya tuna yadda cokalinta na azurfa, na gadon uwarta, yake yin baƙi duk ranar da ta ci ƙwai da shi.

"Ranka ya daɗe, sunkuyo da kanka. Maganin yana da wari."

Ya murje gwaiduwar, ya ɗumama ta a bakin kogi, ya manna a tsakiyar kowane ido, ya ɗaure da rawaninsa.

"Ya kai baƙo," in ji Fari cikin shaƙewar murya, "na shekara dubbai ina hidimar sarakuna, ba a taɓa yi mini irin wannan wulakanci ba."

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

Da aka kwance rawani, ga ɗigo baƙi wuluk a kowane ido. Tsuntsun ya ƙifta, ya dubi kogi, ya dubi fukafukansa, ya dubi Korau sama da ƙasa ya ce, "Ashe ƙanƙane ne ku." Ya durƙusa, Korau ya hau, suka tashi. Suna sama Korau ya zaro wuƙa, ya ga shatin saura tsakiyarsa kawai, ɗan zagaye kamar ƙwayar gero.

Birnin Ƙyalli kuwa, abin sai wanda ya gani. Ganuwa, gidaje, hanyoyi, duk gogaggen ƙarfe ne, babu launi ko ɗaya, ko'ina ka juya fuskarka ce take kallonka. Aljannu suna ta guga ba dare ba rana, garin ƙarfen da ke zuba ya taru tsibi-tsibi a bakin kowace ƙofa. Aka kai Korau fada. Sarki Gurzau yana bisa wata uwar maƙera mai girman dutse, gemunsa na allurai, baƙon nan mara gumi yana tsaye a damansa.

Korau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo karɓar matata."

Sarki ya ɗaga hannu, aka yaye wani labule na sarƙa. Ga mata na ƙarfe cike da fili, kowace Tasalla ce sak, da ɗaurin ɗankwalinta da wushiryarta. Korau ya bi su da kallo, idonsa ya kawo ruwa, don ko shi bai iya bambancewa ba.

"Ya kai maƙeri," in ji Sarki Gurzau, "ɗaya daga cikinsu taka ce, sauran ƙirarmu ce. Mun goge ta har babu alamar ƙasarku a jikinta. Ka fid da ita ba tare da hannunka ya taɓa kowa ba. Rai yana komawa ne a launin samanku, wanda mu ba mu taɓa gani ba. Ka kai ƙirjinta wannan launi, ka tsayar da shi a nan. Duk gaɓar da ta wuce ta koma toka, ƙarfe ce har abada. In ka ɗauki wadda ba ita ba, kai da ita kun zama namu."

Korau ya gane shuɗi ake nufi. In aka hura wuta daga ƙafa, kafin shuɗi ya kai ƙirji ƙafafu sun mutu. Sai ya tuna yadda yake kwantar da dogon takobi a kan yashi mai zafi don launi ya kama ko'ina lokaci ɗaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, a kwaso garin ƙarfen da ke ƙofofinku, a shimfiɗa shi da kauri, a hura wuta a ƙarƙashinsa. A kwantar da su duka a kai, a riƙa juya su kamar waina."

Sarki ya ba da umarni. Aljannu suka shimfiɗa, suka kwantar, suka jeru suna hura wuta da bakunansu. Korau ya gyara ganyen nan a ƙarƙashin harshe, ya ɗauki awartaki, ya shiga tsakanin layuka yana tafiya a kan zafin da zai gasa bijimi.

Can sai ruwan zuma ya fara bayyana a kafaɗu da goshi. Fada ta ɗauki guna-guni, aljannu suna ture juna don su gani. Korau bai dubi fuskoki ba, hannuwa yake bi. Wannan launi ya kama sumul, waccan ma sumul, ta gaba ma haka. Ruwan goro ya shigo, bai same ta ba. Ya fara gudu. Shunayya ta fara taɓa gwiwoyi. Ya duba wuƙa a guje, shatin saura ɗan ɗigo.

A layin ƙarshe, can gefe, ya hango wasu hannuwa da launi ya ƙi kamawa. Yatsun sun yi dabbare-dabbare, tafin yana naso, har wani siririn hayaƙi yana tashi daga babban yatsa, mai ƙanshin suyar gyaɗa. Duk gugar aljannu ba ta iya fitar da man da ya shekara da shekaru yana shiga fatar nan ba. Korau ya fashe da dariya, hawaye yana zuba yana ƙonewa kafin ya kai gemu. Ɓarnar da ya fi sani ce a duniya.

"Wannan ce," in ji shi.

Ya tsuguna a kanta ya zuba wa ƙirjinta ido, bai ƙifta ba. Shunayya ta yi duhu, ta fara buɗewa daga wuya, shuɗi ya malalo ya rufe ƙirji. Ya cafki kafaɗarta da awartaki ya ja. Tirƙashi, Tasalla dā ma ba ƙaramar mace ba ce, balle ta zama ƙarfe. Ya ja da duk ƙarfinsa, kai ya fito, baya ya fito, ƙafar dama ta fito, diddigen hagu ya nutse a garin ƙarfe ya tokare. Ya fizga, diddigen ya fito, amma zafin da ke jikinta yana ci gaba da tura launin. Ya kai hannu ga salka, salka ta bushe ƙamas tun a kurmi.

"Babu ruwa a birnin nan, ya kai maƙeri," in ji Sarki Gurzau.

Korau bai ko ɗaga kai ba. Ya zaro goran man Tasalla, ya cire murfin da haƙori, ya kwarara mata tun daga kai har ƙafa. Ƙarfe ya yi cuu, hayaƙi ya turnuƙe fada, ko'ina ya ɗauki ƙanshin ƙuli-ƙuli.

Cikin hayaƙin aka ji tari, sannan aka ji murya.

"Maigida, man nan fa na sayarwa ne."

Korau ya rungume ta a gaban sarki da fadawansa, abin da bai taɓa yi ba ko a gaban kaji. Ya duba ta sama da ƙasa, ko'ina tsoka da jini, sai diddigen hagu kaɗai da ya wuce shuɗi ya tsaya ƙarfe, ruwan toka.

Aljannu kuwa sun riga sun janye sauran matan daga wuta, sun tsayar da su. Wasu shunayya, wasu shuɗi, wasu da sauran ruwan goro a gefen zane, kuma gogaggun bangayen birnin suka ɗauki launin suka yi ta miƙa wa juna har ganuwa. Sarki Gurzau ya sauko daga kan uwar maƙerarsa, ya tsaya a gaban wata mai shuɗi, ya ƙura mata ido.

"Haka samanku yake?" in ji shi.

"Haka yake, ranka ya daɗe, in an ɗauke ruwa."

"Ya kai maƙeri, ka ci. Ɗauki matarka da wuƙarka ku tafi. Daga yau ramin tama na bayan garinku a buɗe yake gare ka da zuriyarka."

Fari ya ɗauke su su biyu, yana gunaguni a kan nauyi, ya ƙetare kogi, ya bi ta kan kurmi, inda suka hango Uwar Kurmi ta soke koren ganyenta a gashi. Ya sauke su a bakin rami da hantsi. Suka shiga Rafin Ƙirya mutane suna biye da su, Tasalla tana tafe, in ta taka dama shiru, in ta taka hagu sai ka ji ƙwas. A hanya ta ji labarin sharaɗin baƙo tun daga farko, kuma wa'azin da Korau ya guje wa ya sha shi cikakke, har da ƙari a kan ƙwan zabonta.

Da sati ya zagayo Korau ya koma maƙera. Ya ƙera wuƙa da sabuwar tama, ya goge ta har ya ga haƙoransa, ya jingine. Sai ya ji ƙwas, ƙwas daga tsakar gida, tana tahowa. Yanzu kam yana da lokacin da zai ɓoye wuƙa goma kafin ta iso. Tasalla ta shigo da ƙwaryar fura, ta ga ƙyallin, ta tuna inda ya kai ta, sai ta mayar da hannunta baya ta riƙe da ɗayan.

Korau ya ɗauki wuƙar da awartaki ya miƙo mata.

"Taɓa," in ji shi.

"Maigida, za ta ɓaci fa."

"Na sani. Taɓa."

Ta ɗora babban yatsa ta danna sosai. Ya aza wuƙar bisa garwashi, suka tsuguna tare suna kallo, zuma ta shigo, goro ya biyo, shunayya ta wuce, shuɗi ya malalo ya zagaye shatin ya bar shi a tsakiya. Tun daga ranar babu wuƙar da ta fita daga maƙerar Korau ba tare da yatsan Tasalla a jikinta ba, kuma in mai saye ya ce a rage masa saboda tabon, sai Korau ya karɓe wuƙarsa ya mayar kube.